"Za a gyara a kwamfuta": wa ya ce siddabaru araha ne?

Editan Kawo:
Salamu alaikum 'yan gida. Yau da ƙorafi na zo, kuma ina son jin ta bakin manyanmu da suka daɗe a harkar.

Mako uku ke nan aka kawo mini aikin wani fim na tarihi, ba zan kama suna ba. An ɗauki fitowar yaƙi a wani fili can bayan Rigachikun. Dawaki 14 suka samu. Darakta ya ce in mayar da su 300. Na buɗe hotunan, sai na riƙe baki. Kyamarar a hannu aka riƙe ta, sai rawa take. Rabin fitowar da hantsi aka ɗauka, rabi bayan la'asar, inuwar wannan doki ta yi yamma, ta wancan ta yi gabas. A baya ga turken sabis na waya, ga wayoyin lantarki, ga wata baƙar leda ta maƙale a ƙaya tana kaɗawa, a fim ɗin da aka ce tun kafin zuwan Turawa ne. Na kira shi, ya ce, "To ai shi ya sa muka kawo maka, a gyara a kwamfuta."

Wannan duk mai sauƙi ne. Fitowar fada a gaban koren ƙyalle suka yi ta, don a cire koren a kwamfuta a sa musu soron sarki a baya. Ba wanda ya tuna cewa rigar dogari ja da kore ce. Ina cire koren, sai ga dogarai huɗu tsaye, rabin jikinsu babu, jan kawai ke yawo a iska.

Tambayata ita ce: tunda finafinan duniya duk sun karkata ga siddabarun kwamfuta, mu ma muna ta bin sahu, ci gaba ne wannan, ko dai lalaci ne ya samu sabon suna?

Baban Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Yaro, lalaci ne, kada ka wahalar da kanka da neman wani suna. Mu da muka yi kallo a sinimar da ba ta da rufi, muna kan benci ana yayyafi, mun san abin da ake kira fim. Lokacin da Adamu Halilu ya yi Shehu Umar a 1976, raƙumin da ka gani raƙumi ne, rairayin da ka gani rairayi ne. A nan Kaduna muka ga marigayi Kasimu Yero a talabijin, da ido da murya kaɗai yake riƙe gida guda ba mai motsi. Yanzu jikokina su kunna mini wani abu, mutum ya daki bene mai hawa hamsin ya rushe, ko gezau ban ji ba. Na san ba abin da ya rushe. Zane ne kawai mai tsada.

Ɗan Poly:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma a yi mini afuwa zan ɗan ja. Wanda kuke gani ku ce zane ne, shi ne wanda bai yi kyau ba. Mai kyan ba ku ma san an yi shi ba. Yawancin aikin kwamfuta a finafinan yanzu ba dodanni ba ne. Goge waya ne, canza sararin sama, ƙara mutane a filin wasa, mayar da titin yau ya koma na shekara 60 baya. Top Gun na 2022 da aka yi ta tallarsa cewa jiragen gaske ne, an ɗauki 'yan wasan a sama da gaske, amma akwai fitowa sama da 2,000 da kwamfuta ta taɓa a cikinsa. Ba wanda ya fito daga kallo ya ce zane ya gani.

Kuma abin da ya faru da Yaya Edita ba laifin kwamfuta ba ne. Laifin wanda bai kira shi lokeshan ba ne tun farko.

Baban Tudun Wada:
To idan ban san an yi ba, me ya sa aka yi?

Ɗan Poly:
Don kada ku ga turken sabis a zamanin Sarauniya Amina, Baba.

Maman Ihsan:
Hahaha, Baba yau an kama ku. Ni dai dogaran nan ne suka kashe ni da dariya. Edita don Allah ka turo mana ko daƙiƙa biyar mu gani.

Editan Kawo:
Anti, amanar mutane ce, ba zan iya ba. Amma Ɗan Poly ya taɓa inda ke mini ƙaiƙayi. Mutane ba su san yadda aikin yake ba. A daƙiƙa ɗaya ta fim akwai hoto 24 ko 25. Fitowar daƙiƙa 10 hoto 250 ke nan. Idan koren ƙyalle ya ci rigar dogari, sai na bi gefen rigar da hannu ina zagayewa, hoto bayan hoto, ga babbar riga tana kaɗawa, ga gezar rawani. Dogarai huɗu. Kwana shida na yi a kan abin da bai kai rabin minti ba. Ga ƙyallen ma duk ya yamutse, da alama daga leda aka zaro shi aka rataya, ko guga ba a yi masa ba, kowane lanƙwasa da kalar korensa. Sannan in gama, in sa na'ura ta haɗa hoton, ta kai kashi 80 cikin ɗari a ɗauke wuta, batirin ya ce ga garinku nan. Man janareto daga aljihuna. Shi kuwa furodusa a lissafinsa kuɗin editin ɗaya ne, ko da siddabaru ko babu.

Mai Kyamara Barnawa:
Ni da nake riƙe kyamara bari in faɗi gaskiya ko da ta shafe ni. Kalmar nan "za a gyara" ta lalata mu. Da can idan ka ga waya a bayan jarumi, sai ka matsa da kyamara taku uku, shi ke nan. Idan rana ta juya, a tashi sai gobe. Yanzu darakta na duba agogo, mai dawaki na cewa lokacinsa ya cika, sai a ce ɗauka kawai. Aikin minti biyu a lokeshan ya koma aikin kwana biyu a ɗakin edita.

Waɗanda muke kwaikwayo ba haka suke yi ba. Kafin a kunna kyamara an zana kowace fitowa, an san inda dodo zai tsaya, an manna alamomi a bango don kwamfuta ta gane motsin kyamara, an auna hasken wurin. Akwai mutumin da aikinsa ke nan, yana tsaye kusa da darakta, idan ya ce wannan ba za ta gyaru ba, sai a sake. Jurassic Park na 1993 da har yau ake misali da shi, abin da kwamfuta ta zana na manyan dabbobin nan na zamanin da (dinosaur) bai fi 'yan mintoci ba a duk fim ɗin, wajen shida. Saura manyan mutum-mutumi ne da aka ƙera suna motsi. Kuma ku lura, fitowar da ta fi ba da tsoro da dare aka yi ta, cikin ruwan sama. Duhu da ruwa suna rufa wa siddabaru asiri. Mu kuwa da rana tsaka muke son namu, a fili fetal.

Ɗan Zazzau Mai Doki:
Ku ba ni dama in yi magana a kan dawakin, don nan ne gidana. Duk shekara ina cikin Hawan Daushe. Dokin kwamfuta ko daga nesa na hango shi ina gane shi, kuma ba a fuska nake ganewa ba, a ƙafa ne. Doki na gaske idan ya zo jafi aka ja linzami, gindinsa zama yake yi, kofato ya tona ƙasa, ƙura ta wuce shi ta yi gaba, mahayin ya ɗan zame a sirdi, likkafa ta buɗe, jalala ta biyo baya a makare. Komai da nauyinsa. Na kwamfuta kuwa tsayawa yake cak kamar an taka birkin Keke Napep, ƙasa ba ta ma san ya zo ba.

Amma fa ban goyi bayan Baba ɗari bisa ɗari ba. An taɓa zuwa neman dokina don fim, suka ce akwai inda zai faɗi da gudu. Na ce da wace dabara? Suka ce igiya za a ɗaura a ƙafar gaba a fizge. Na ce ku tashi ku ba ni wuri. Dokin da nake ba dusa da harawa da kanwa shekara bakwai, a karya mini shi saboda daƙiƙa uku? Irin wannan wurin, wallahi gara a zana. RRR na Indiya da aka yi a 2022, damisa da sauran namun dajin da aka saki cikin taro duk na kwamfuta ne, kuma ban ga wanda ya ce a mayar masa da kuɗinsa ba.

Maman Ihsan:
Yauwa, an zo wurin. Yarana ba su san wani Holiwud ba, fassarar Hausa ta finafinan Indiya suka sani. Tun da suka ga Baahubali, duk fim ɗin tarihi namu da na kunna sai su ce, "Mama, ina rundunar?" Mutum ashirin da takubban katako ba sa burge su. Ko muna so ko ba ma so, idon yaran nan ya riga ya buɗe, da wancan suke auna namu.

Baban Tudun Wada:
To ai ita ce cutar, 'yata. An saba musu da yaji, yanzu ba sa jin ɗanɗanon miya.

Ɗan Poly:
Baba wannan karon na sallama, kun yi gaskiya rabi. Amma Indiyawan ma ba kullum suke dacewa ba. Adipurush na 2023 an zuba masa kuɗi na fitar hankali, tun daga tallar farko mutanensu suka yi masa ca a kan siddabarun, har aka ɗage fitowarsa don a gyara, da ya fito ma bai tsira ba. A gefe guda ga Godzilla Minus One na Jafan, mutum 35 ne suka yi aikin siddabarunsa, fitowa 610, suka ɗauki kyautar Oscar a 2024 a gaban manyan kamfanonin Amurka. Daraktan da kansa masanin aikin ne, ya san abin da zai nema da abin da zai haƙura da shi. Ba yawan kuɗi ba ne kawai.

Kuma kayan aikin yanzu ba su da wuyar samu. Blender, manhajar zana abubuwa a kwamfuta, kyauta ce. DaVinci Resolve, manhajar editin, akwai ta kyauta. Ni a YouTube na koya, da datar dare. Na gina ƙofar gari irin ta da, da tubali da azara, na ɗora ta a kan hoton da na ɗauka a gindin Dutsen Kufena, malaminmu sai da ya tambaye ni a wane ƙauye take.

Sani Laftof:
Masu neman na'ura mai ƙarfin haɗa hoto, akwai guda biyu a ƙasa, tokumbo masu tsafta. A yi mini magana ta gefe.

Admin:
Malam Sani, ranar talla Asabar ce. Wannan gargaɗi na biyu ke nan.

Yaron Rigasa:
Ni duk wannan bayanin bai dame ni ba, abu ɗaya nake so a duba. Ni ina cikin waɗanda ake kira idan ana son taro. Kasuwa, ɗaurin aure, jana'iza, yaƙi, mu ne a baya. A ba ka abinci, a ba ka ɗan na mota, wani lokaci da ɗan abin da za ka kai gida. Dawaki 300 da Oga Edita zai zana, da na gaske ne, mutum 300 ne za su hau, wasu su riƙe, mai abinci ta dafa, mai ruwa ya sayar, mai ɗinki ya ɗinka. Yanzu mutum ɗaya a ɗaki zai cinye duka. Ba hassada nake ba Oga, amma haka ne.

Editan Kawo:
Ƙanena, da ina cinye kuɗin mutum 300 da ba a Kawo kake samuna ba, da tuni na koma Unguwar Rimi. Kuɗin ba wurina yake zuwa ba, ba ya ma fitowa daga aljihun furodusa. Kuma ba a nan kaɗai ba. Kamfanin Rhythm & Hues da ya zana damisar fim ɗin Life of Pi, a watan Fabrairun 2013 ya bayyana karyewarsa, a cikin watan nan kuma aikin nasa ya ci Oscar. Fim ya tara ɗaruruwan miliyoyin dala, masu zanen suna zanga-zanga a waje. Ko'ina mai wannan aikin shi ne na ƙarshe a layi, lokaci ya ƙure a kansa, kuɗi ya ƙare a kansa, in fim bai yi kyau ba a ce shi ne.

Amma maganarka tana kan hanya. Yajin aikin da 'yan wasan Amurka suka yi a 2023, daga Yuli zuwa Nuwamba, cikin abin da suka yi faɗa a kai har da wannan: kada a ɗauki surar mutum da na'ura a biya shi na yini ɗaya, sannan a yi ta amfani da ita ba izini ba ƙarin biya. Su suna da ƙungiya mai haƙori. Kai idan aka ce tsaya a nan a zagaye ka da kyamara, ka tambayi me za a yi da shi kafin ka tsaya.

Malam Na Unguwar Sarki:
Assalamu alaikum. Ina bin ku tun ɗazu ban sa baki ba, don ni ba ɗan fim ba ne, ɗan kallo ne. Dawaki da gine-gine ba su dame ni ba, kowa ya san fim shiri ne. Inda hankalina ya tsaya shi ne fuskar mutum, musamman mamaci. Ɗan wasan Amurka Paul Walker ya rasu a 2013 ana tsakiyar ɗaukar Furious 7, aka kawo ƙannensa biyu suka tsaya, aka ɗora fuskarsa a kansu aka ƙarasa. Wannan da yardar danginsa, kuma aikin da ya fara ne da kansa. Amma a Rogue One na 2016 an dawo da Peter Cushing, ɗan wasan da ya rasu tun 1994, aka sa masa maganar da bai taɓa faɗa ba.

To ku kawo abin gida. Marigayi Rabilu Musa Ibro ya rasu a 2014. A ce gobe wani ya zauna da ƙirƙirarriyar basira ya haɗa fuskarsa da muryarsa, ya sa shi sabon barkwanci, ko tallar magani, ko waƙar siyasa. Iyalansa na raye. Mutumin yana kabari ana yi masa addu'a, a nan kuma ana sa shi yana faɗin abin da ba shi da ikon ƙi. Wa zai ɗauki nauyin wannan maganar? Ni a ganina wannan ya wuce batun fasaha, ya zama haƙƙi.

Maman Ihsan:
Subhanallah. Malam tsigar jikina ta tashi. Ni ko tsohon fim ɗin marigayi Ahmad S. Nuhu na gani sai na yi shiru na ɗan lokaci, balle a ce sabo.

Ɗan Poly:
Malam, a nan ba ni da ja. Abin tsoron ma shi ne, wancan na Amurka sai da ƙwararru suka yi watanni. Yanzu da waya ake kwatanta irinsa, kuma mai yi ba ya neman izinin kowa. Amma ina roƙo a raba biyun. Ni da nake gina ganuwa tubali bayan tubali a Blender, da wanda ya rubuta layi biyu na'ura ta tofo masa fuskar wani, ba sana'a ɗaya muke ba.

Mai Kyamara Barnawa:
Ga mai kallo ɗaya ne fa. Shi dai ya ga abin da ba a yi ba.

Ɗan Poly:
Haka ne, amma jinin da ake zubawa a fim ma ba jini ba ne, Oga, kala ce da zuma. Harbin bindiga fa? A 2021 a wurin ɗaukar fim ɗin Rust a Amurka, bindigar da aka zaci babu harsashi mai rai a ciki ta tashi ta kashe mai ɗaukar hoto, Halyna Hutchins. Abokiyar sana'arka ce. Wutar bakin bindiga aikin minti kaɗan ne a manhajar After Effects. Wanne ka zaɓa a nuna maka in kana bayan kyamara?

Mai Kyamara Barnawa:
Ka ci wannan. Amma ka gaya wa jaruman su riƙa girgiza hannu idan sun harba. Mutum ya riƙe bindiga kamar ya riƙe rake, wuta na fita, kafaɗa ko motsi.

Hajiya Mai Kayan Sawa:
Sai yanzu na shigo, na karanta tun daga sama. Edita, ni ce irin waɗanda ake ba aikin suturar fada, kuma ba a taɓa gaya mini kalar ƙyallen da za a rataya a baya ba, ko sau ɗaya. Da an faɗa, da na ce a nemo shuɗi. Amma shi ma shuɗin da tarkonsa: rawanin ɗan Kura da duk wani abu mai baba zai tafi, ga shi da ƙyalli yana ɗaukar kalar duk abin da ke kusa. Kayanmu na sarauta ba a yi su don wannan ƙyallen ba. Alkyabba mai zaren azurfa ma haka, sai ka ga kore ya kwanta a kafaɗa kamar gansakuka.

Ni shawarata, fada dai a je fada. Gidajen ƙasa masu soro da zanen bango ba su ƙare ba a Zariya, a nemi izini a shiga. Abin da ba shi da samuwa, kamar gari guda da ganuwarsa daga sama, shi a ba su Ɗan Poly.

Baban Tudun Wada:
Hajiya ta gama magana. A je fada.

Ɗan Poly:
Baba, rabin maganarta kuka ɗauka, ta ce a ba ni ganuwa.

Editan Kawo:
To jama'a, ga inda aka kwana. Na tura wa daraktan dogaran nan masu rabin jiki, ban ƙara ko kalma ba. Bayan Isha ya kira, ya fara da faɗa, ya ƙare da tambayar yaya za a yi. Na ce fitowar fada a sake ta a gidan ƙasa na gaske. Ta yaƙi kuma a koma filin da sassafe, a kafe kyamara a kan ƙafarta kada ta motsa, a ɗauki dawakin nan 14 a gefen hagu, a mayar da su tsakiya a sauya wa mahaya rawani a sake, a kai su dama a sake, haka har sau shida kafin rana ta ɗaga. In na jera su za su ba da 84, na gaske, da ƙurarsu. Can nesa inda ido ba ya tantancewa sai a cika da na zane. Ya ce 300 fa? Na ce wa zai ƙirga?

Ɗan Poly, turo mini ƙofar garin nan in gani. Yaron Rigasa, ana neman mahaya ranar Talata, in ka iya doki.

Yaron Rigasa:
Ban iya ba Oga, amma zan iya riƙe linzami.

Ɗan Zazzau Mai Doki:
Edita, in akwai fari mai tabo a goshi cikin dawakin, ka sa shi a layi ɗaya kawai. In ya fito sau shida, mu nan Zariya za mu ƙirga.

Editan Kawo:
Akwai shi kuwa. Kuma na daraktan ne.